Tafasa da Ƙafar Malama

A danginmu kaf babu mai kiran 'yar kawunmu da sunanta na gaskiya. Tafasa ake ce mata, har ta kai in ka kira ta da ainihin sunan sai ta waiwaya ta ga ko da wata kake. Aikinta ne ya ja mata. Mai gyaran farce ce a wani shago mai kujeru uku a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kuma ba ta taɓa ɗora ƙarfe a jikin ɗan Adam sai ta dafa shi. Almakashi, mayankin farce, ɗan tsinken tura fata, duk sai sun sha wuta a wata 'yar tukunya da take ɗorawa kan murhun lantarki a lungun shagon. Yayanta ya sha rantsuwa cewa da kwastoma za ta shiga tukunyar nan, da ita ma Tafasa ta ba ta minti ashirin kafin ta taɓa ta.

Abin ya samo asali tun tana koyon sana'a. Wata mata ta zo aka gyara mata hannu da kayan da aka gama yi wa mutum goma aiki, bayan kwana huɗu ta dawo da yatsa ya kumbura ya kusa kai damtsen jariri, farcen ya ɗago yana leƙen jama'a. Sauran 'yan koyo suka yi tsaki suka manta. Tafasa ta je kasuwa ta sayo tukunya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana shagon Madam. Tawul biyu take shimfiɗawa a teburinta: na dama fari, nan dafaffun kaya suke kwanciya, na hagu shuɗi, nan wanda ya taɓa jikin mutum yake jiran hukunci. Robar jiƙa ƙafa kuwa sai ta wanke ta da sabulu ta ɗauraye da ruwan zafi tsakanin kowace ƙafa da ta gaba, ko da layi ya kai titi. Dutsen goge kaushi ma cewa take kowa ya zo da nasa. Ga takunkumi a fuska tun safe saboda warin maganin goge jan farce, wanda in ka shiga shagon ka yi minti biyar sai ka fara ganin kakanka da ya rasu yana ɗaga maka hannu. Ga safar hannu. In ta yi magana ta cikin takunkumin nan, sai ka zaci daga cikin rijiya ake kiranka.

To wa zai zauna a kujerarta alhali ga Rediyo a kujerar farko? Rediyo ita ce abokiyar aikinta, wadda ba a taɓa samun wurin kashe ta ba. Cikin rabin awa za ta gama miki hannu da ƙafa, ta gaya miki wanda ya rabu da wa a unguwa uku, ta goge almakashi a cinyarta ta ce mai bi. Mata suna son haka. Tafasa sai ta samu ragowar waɗanda suka gaji da jira, su zauna suna danna waya, su miƙa mata ƙafa kamar ana miƙa wa mai gyaran takalmi, su tashi ba su san ko tana da hanci ba.

A gida ma haka. Ɗaki ɗaya take haya a hawa na uku, kujera ɗaya, kofi ɗaya, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Tun da mahaifiyarta ta rasu babu mai tambayar ko ta dawo. In dangi sun haɗu kuwa, da ta miƙa hannu za ta zuba wa wani abinci sai a fara: ƙafa nawa hannun nan ya wanke yau? Ta yi murmushi ta ajiye cokalin. Ana dariya, ana cewa ai wasa ne, amma cikin masu wasan nan babu wanda ya san matakala nawa ce zuwa ƙofarta.

Sai dai tana da Laraba.

Kowace Laraba ƙarfe goma, tasi zai tsaya a ƙofar shago, wata tsohuwa ta fito da sanda da jaka mai nauyin buhun siminti. Malama ake ce mata, don ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu in Rediyo ta zuba ƙarya sai ta dube ta ta saman tabarau ta ce a sake faɗa a hankali. Ranar da ta fara zuwa, ta tsaya tana kallon tukunya tana tafarfasa, ta ce wannan yarinyar ce za ta taɓa ta, ko da za ta jira har azahar.

Malama tana da ciwon suga. Idonta ya yi rauni, bayanta ba ya lanƙwasuwa, rabonta da ganin yatsun ƙafarta tun kafin a haifi Rediyo. Likita ya ce kada ta kai ƙafar nan shagon gyaran farce, 'yarta kuma, wadda suke zaune tare, ta ɗauki maganar likita ta ƙara mata gishiri ta mai da ita doka. Don haka duk Laraba Malama takan ce za ta taron tsofaffin malamai. Taron nan mutum biyu ne a cikinsa, ɗaya a kan kujera ɗaya a tsugunne.

Tun ranar farko ta gaya wa Tafasa gaskiya, ta ce in 'yarta ta ji, an gama. Tafasa ta san ya kamata ta ce a'a. Ta gaya wa kanta cewa in ta ƙi, tsohuwar za ta faɗa hannun mai almakashi ɗaya da ke yawo a titi. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Malama ce kaɗai a duniyar nan take tambayarta me ta karya da shi, ta kuma tsaya ta ji amsa. Ita kaɗai take cewa, ɗiyata, sauke ƙyallen nan in ji ki da kyau. Duk abin da ya faru da Tafasa cikin mako, kyanwar da ta haihu a ƙarƙashin matakala, famfon da ya fashe, mafarkin da ta yi da mahaifiyarta, sai ta adana shi kamar mai tara kaya a akwati, ranar Laraba ta buɗe.

Ta kuma kula da ƙafar nan kamar ƙwai. Ruwa sai ta gwada shi da gwiwar hannu. Reza ba ta kusantar wurin. Farce a miƙe take yanke shi, ba ta shiga lungu. Shekara biyu ana haka, ko ƙwarzane babu.

Masu wannan sana'a akwai abin da suke dogara da shi wanda ba a koya musu da baki. Ƙafa ce take gaya musu inda za su tsaya. Kafin ƙarfe ya kai nama, yatsa zai ɗan noƙe, mai ƙafar ta ja numfashi, hannu ya dakata da kansa. Ƙafar Malama ba ta faɗin komai. Ciwon ya kashe mata ji, ko ƙusa ta taka sai dai ta ji takalmi ya yi nauyi. Tafasa ta san haka da kanta, amma hannunta da ya yi ƙafa dubu bai gama yarda ba.

Ranar da abin ya faru, Malama tana ba da labarin wani ɗalibinta da ya zo jarrabawa da amsoshi a rubuce a cinya, zufa ta wanke su, ya zauna yana kuka yana karanta wandonsa. Tafasa ta tuntsire da dariya, irin wadda ba ta yi sai Laraba, mayankin kuma yana bakin babban yatsa. Ya ɗan ciji gefe. Jini ya fito ɗigo ɗaya, bai kai kan allura ba. Ta ɗaga kai. Malama tana ta labarinta, har ta kai inda shugaban makaranta ya shigo.

Tafasa ta dangwala auduga a sifirit ta danna, jinin ya tsaya. Ta ce a ranta ai daga farin tawul ta ɗauko, dafaffe ne, babu abin da zai faru, me za ta tayar wa tsohuwa da hankali. Ta shafa mai, ta saka mata safa da takalmi, ta raka ta har tasi.

Da la'asar, suna share gashin tawul da ɓawon farce, Rediyo ta ce, "Af, Tafasa, na manta. Da safe da kika fita ɗebo ruwa na ari mayankinki. Nawa ya kasa farcen mutumin nan."

Mutumin nan kowa ya gan shi da safe. Farcensa ya yi baƙi ya yi kauri kamar ƙahon rago, gefen yana fitar da ruwa, har sai da Madam ta buɗe ƙofa ta kunna fanka.

"Ina kika ajiye shi?"

"Inda na ɗauka mana, kan farin. Ai na goge shi, ke ma kin san ni."

Tafasa ta san ta kuwa. Ta zauna a 'yar kujerarta. Da ta gaya wa Madam, Madam ta rufe ƙofa ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ɗigon jini ba ciwo ba ne, kullum ana yi, kuma in 'yar tsohuwar nan ta ji ta zo ta tara musu jama'a, to Tafasa ta ɗauki tukunyarta ta san inda za ta. Rediyo ta ce ita tun da take ba ta taɓa kashe kowa ba, wanda in aka bi diddigi ba lallai a samu shaida ba.

Washegari da hantsi Tafasa ta kira Malama a waya. Malama ta yi murna, ta ce yau Alhamis ta zama Laraba ke nan. Tafasa ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

"Ɗiyata, ni ban ji komai ba. Ƙafa lafiya lau."

"Mama, ai shi ne abin tsoron. Ki ce wa Anti ta cire safar ta duba."

"In ta duba ta ga an gyara farce, wa zan ce ya gyara? Tsofaffin malamai?" Ta yi 'yar dariya, sannan muryar ta sauka. "Ki bar shi. Gidan nan daga safe har yamma ni da agogon bango ne. Kada ki ƙwace mini rana ɗayan nan."

Ta kashe wayar.

Ranar Juma'a Tafasa ta yi aiki kamar wadda aka aiko. Ta shafa wa wata ja a hannu ɗaya, ruwan hoda a ɗayan. Ta yi ta lissafi a zuci: ƙila ba komai, sifirit ya kashe, ranar Laraba za ta duba da idonta. Sai kuma ta ƙirga kwanakin da ke tsakani, ta tuna tsohuwar tana wanka ita kaɗai, tana saka safa da lalube, babu idon da zai sauka a yatsan nan sai nata. Ta sake kira, Malama ta ƙi ɗauka. Wannan ya nuna mata tsohuwar ta san abin da za a ce.

Ranar Asabar da safe ba ta je shago ba. Ba ta taɓa zuwa gidan Malama ba, amma shekara biyu tana jin labarinsa: bayan tankin ruwa, ƙofa mai ruwan ganye, bishiyar da maƙwabci yake ƙorafin tana zubar masa da ganye. Ta same shi ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta tsaya a ƙofar har inuwa ta matsa, sannan ta ƙwanƙwasa.

'Yar Malama ce ta buɗe, doguwar mace da waya a kunne. Ta dubi Tafasa sama da ƙasa ta ce, baiwar Allah, lafiya? Tafasa ta gaishe ta, ta ce ita ce mai gyara wa Mama farce.

"Mama ba ta gyaran farce."

"Tana yi, Anti. Duk Laraba, a wurina. Na yanke ta a babban yatsa na dama, da ƙarfen da ba shi da tsabta. Don Allah a duba yanzu."

Matar ta sauke wayar a hankali. Ba ta ce shigo ba, ta dai juya ta bar ƙofar a buɗe.

Malama tana falo a zaune da rediyo a cinya. Da ta gane wadda ta shigo, sai ta kashe shi ta ɗora hannu biyu a kai. 'Yar ta durƙusa ta zare safar. Yatsan ya yi jawur ya kumbura yana sheƙi, gefen farcen ya tara ruwa, jan kuma ya fara hawa bayan ƙafa. Ta taɓa ta janye hannu, don zafi rau yake.

"Mene ne?" in ji Malama. "Ku gaya mini mana, ƙafata ce."

'Yar ta shiga ɗaki ta fito da makullin mota da katin asibiti. Tafasa ta matso za ta kama tsohuwar ta ɗaya gefen, matar ta ce ta bari, ta gode, hannunta ya yi abin da zai yi. A bakin mota ta juyo ta tambaye ta ko ta san uwarta tana da suga. Tafasa ta ce ta sani. Tun yaushe? Tun ranar farko. Matar ta daɗe tana kallonta, ta shiga ta ja ƙofa. Malama tana kujerar baya, fuskarta a gaba, ba ta waiwayo ba.

Kwana tara ta yi a asibiti. Tafasa ba ta je ba, don ba a ce ta je ba. A bakin direban tasin ta ji cewa an tsaga wurin an wanke, an yi ta allurai, yatsa ya tsira, likita kuma ya ce da an ƙara kwana uku da wani zancen ake yi.

'Yar Malama ba ta zo shago ta tara jama'a ba. Madam ta yi mako guda tana zabura duk lokacin da doguwar mace ta wuce, daga baya ta saki jiki, ta hukunta Tafasa da shiru na kwana goma, wanda Tafasa ba ta ma lura an fara ba. Rediyo ta sayo tata tukunyar, ta dafa kaya sau biyu a gaban kwastomomi da shela kamar ana buɗe sabon asibiti, yanzu a ciki take ajiye 'yan kunne.

Bayan wata ɗaya da rabi waya ta shigo. 'Yar ce. Ta ce Mama ta dame ta, in Tafasa tana da lokaci ranar Lahadi ta zo su gaisa.

Ranar, Tafasa ta yi wanka sau biyu don kada a ji warin shago. Ta sayi lemo a hanya. Aka sa ta a doguwar kujera, Malama a tata, 'yar kuma ta zauna a tsakani tana danna waya. Ƙafar tana cikin farar safa a kan matashi. Aka yi ya jiki, aka yi da sauƙi. Aka yi ya aiki, aka yi an gode Allah. Aka yi maganar zafi. Tafasa ta zo da labarai cike da ciki, na mako shida, amma a kan kujerar nan mai laushi, hannunta babu abin yi, ta rasa ta inda ake farawa. Ta yi ta juya kofin ruwa.

Sai da 'yar ta tashi amsa waya Malama ta gyara tabarau.

"Yanzu nas ce take yanke mini, a asibiti. Minti biyar ta gama. Ko sunana sai ta duba kati."

"Hannunta ya fi nawa, Mama."

"Ban tambaye ki ba." Ta juyo ta fuskance ta. "Kin tona ni."

"Na tona ki."

"Kin kyauta. Ban huce ba tukuna, amma kin kyauta."

Tafasa ta buɗe baki, sai ga 'yar ta dawo ta ce lokacin magani ya yi, bayan shi kuma Mama takan kwanta. Aka miƙe. Malama ta ce ta riƙa leƙowa, Tafasa ta ce in Allah ya yarda. A bakin ƙofa 'yar ta tsaya ta ce ta san ba kowa ne zai zo ya faɗa ba, ta gode. Ta ƙara da cewa in za ta sake zuwa ta fara kira, don ba kullum ake samun su ba. Ta faɗe shi da ladabi, yadda ba za a kira ɗin ba.

Tafasa ta taka har bakin titi ta zauna a bencin jiran mota. Rana ba ta ko karkata ba, shago a rufe yake ranar Lahadi. Bas ta zo da wurin zama, kwandasta yana ta kiran unguwarsu kamar ya san ta, ta girgiza masa kai. Ta biyu ma ta bar ta ta wuce. Ta ukun ce ta shiga, ta zauna can baya wajen taga.